Kaset na Uku

Kalilu bai taɓa zama wuri guda har inuwa ta juya ba. Makaranta ya baro ta yana aji biyu na sakandare, ya yi wata huɗu wurin tela, ya yi wata biyu wurin mai gyaran rediyo a Katsina, ya bi mota zuwa Legas sau ɗaya ya dawo ya ce teku ba wani abu ba ce, ruwa ne kawai ya yi yawa. Mahaifinsa can Daddara ya ajiye masa fartanya a bayan rumbu, ya ce duk ranar da yawon ya ƙare tana nan tana jiransa.

Abu ɗaya ya fito da shi daga makaranta, shi ne saurin yatsu a kan tafireta. Da shi ya sami kujera a ofishin Alhaji Maharazu, mai fiton kaya a bakin iyakar Jibiya. A shekarar 1979 mota ba ta yankewa a wannan hanya. Siminti da atamfa da sukari suna hawa Maraɗi, wake da fatu suna gangarowa, kowace mota kuma sai an buga mata takardar kaya kwafi shida. In aka yi kuskure ɗaya, ko direba ya tuna da wani buhu bayan an gama, sai a yage a sake daga bisimilla. Kalilu ya tsani wannan sakewa kamar yadda ya tsani zama.

Ana nan sai Uwaisu, ɗan Alhaji da ke karatu a Zariya, ya sa uban ya sayi na'ura. Tare suka yi firamare da Kalilu, benci ɗaya, shi ya wuce gaba. Na'urar ta iso cikin kwali uku: akwati mai madannai kamar na tafireta, ƙaramar talabijin, da injin buga takarda mai faɗi kamar tabarmar salla. Ba ta da wurin ajiye komai a cikinta. Duk abin da za ta sani sai an kunna mata shi daga kaset, da rikoda irin wadda ake jin waƙa, kuma da zarar wuta ta ɗauke ta mance da shi kaf.

Bayan mako biyu saƙon Uwaisu ya biyo: kaset uku, dam ɗin takarda shafi talatin da ɗaya cike da layukan da ba Turanci ba ba lissafi ba, an bi wasu da jan biro an gyara, sai wasiƙa mai shafi huɗu. A ciki ya bayyana cewa shi da abokansa suna ƙera wani shiri na gyaran rubutu, sun sa masa suna Gyartai, don aikinsa ɗinke abin da ya fashe. Da shi mutum zai rubuta takarda a gilashi, ya goge, ya ƙara, sannan ya buga kwafi nawa yake so. Wanda ya zo tare da na'urar bai san injin buga takarda ba, nasu ya sani, amma ba su gama shi ba, kuma ba a aika shi a gine. Zare ne, in ji Uwaisu, sai an saƙa. Kaset na ɗaya shi ne masaƙin, na biyu da na uku su ne zaren, takardun kuwa kwafin abin da ke cikin kaset biyun ne. Kafin a saƙa sai an gaya wa zaren girman ƙwaƙwalwar na'urar da faɗin takardar ofis. In an saƙa, a naɗi abin da ya fito a sabon kaset, shi ke nan an girka.

Kalilu ya karanta shafi uku, ya ga ya gane, ya cusa wasiƙar cikin aljihu.

Kwana shida yana fama. Ranar farko ya murɗa ƙarar rikoda da yawa, na'ura ta ƙi ji. Rana ta biyu ya gaji da jiran kaset ya fita shan rake, ya dawo ya tarar ya wuce wurin tsayawa. Rana ta huɗu ya kai rabin saƙa, sai ɗif, gilashi ya yi baƙi. Baba Arzika, mai kula da janareta, ya kashe wuta. Masallaci bango ɗaya yake da ofishin, ladaninsu tsoho ne marar lasifika, don haka tun ranar da aka kawo injin aka yi ƙa'ida: ana tayar da shi da hantsi, da zarar ladan ya kai hannu kunne don azahar a kashe, ba a sake tayarwa sai an sallame la'asar.

Duk wannan lokaci tafireta tana gefe ƙura na hawanta, direbobi na tsaye a rana da takardu a hannu. Ranar Asabar Alhaji ya shigo da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota.

"Kalilu."

"Ranka shi daɗe."

"Kwana nawa ke nan kana kallon talabijin marar hoto?"

"Saura kaɗan, Alhaji. Wallahi jiya har ta..."

"Saura kaɗan ita ta hana kura kama akuya. Gobe kasuwa. Sha'ibu direba zai dawo daga Maraɗi bayan la'asar, shi wuce Zariya. In abin ga bai buga takarda gaban idona ba, a sa shi cikin kwalinsa Sha'ibu shi sauke ma Uwaisu, shi ci gaba da wasansa can. Kai kuma ka gaishe mini da babanka, damina ta kusa."

Ya juya ya fita. Kalilu ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar Daddara har cikin hancinsa, bai ji daɗinsa ba ko kaɗan.

A gidan ƙanwar mahaifinsa yake zaune, Goggo Salmatu, mai sayar da shinkafa da wake a rumfar da ke daura da ofishin. Ɗiya ɗaya gare ta, Balki, tana aure a Maraɗi. Goggo ba ta karatu, Balki ma haka, don haka wasiƙarsu kaset ce. Goggo ta zauna gaban rikoda ta zayyana labarin gari, ta ba direba, can kuma Balki ta naɗo amsa. Akwai guda ɗaya da Goggo ba ta mayar ba, wanda Balki ta aiko ranar suna, har da kukan jaririn a ciki. Kullum yana cikin rikodarta a rumfa, tana zuba wa mutane abinci tana amsa wa ɗiyarta magana kamar tana gabanta.

Da yamma Kalilu ya zo da kaset ɗinsa uku gida don kada ɓera ko ƙura su taɓa su, ya ajiye kan taga. Da safe ya tashi ya ga biyu.

Ya ɗaga tabarma, ya zazzage jaka, ya leƙa cikin takalmi. Ya fito tsakar gida ba hula.

"Goggo, kin ga wani kaset nan kan taga?"

Tana tsane shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Lalataccen nan? Na ɗauka."

"Wane lalatacce?"

"Guda ukun duk lalatattu ne, na gwada su. Ba waƙa ba wa'azi, sai ƙiiii kamar gyare ya shiga tulu. Wa ya cuce ka ya sayar maka da su? Na ce bari guda shi yi amfani, na yi ma Balki magana a kai. Sha'ibu ya tahi da shi tun asuba."

Kalilu ya jingina da bango. "Goggo, kin kashe ni."

"Kai, rufe mini baki da sassafe! A kan kaset? Zan sai maka sabo mai waƙa."

"Wannan kukan gyaren shi ne aikin! Shi ne rabin abin da nake ginawa!"

Sai a lokacin ta ajiye matsamin, ta dube shi. "To mi ya hana ka karya masa kunne? Ko mijin Balki da bai yi lakkwal ba, bokonsu na can, ya san in ana son kaset a karye masa kunne, rikoda ba ta iya naɗa a kai. Ni na duba, na ga kunnuwansa lafiya lau, na ce ba mai so."

Hannunsa ya shiga aljihu da kansa ya fito da wasiƙar Uwaisu. Shafi na huɗu layi uku ne kacal. Na farko ya ce: kafin ka yi komai, ɓalle 'yan kunnuwan da ke bayan kaset ɗin nan uku.

Bai tsaya karin kumallo ba. Ya isa bakin shinge yana haki, ya tarar da wata akori-kura tana shirin ɗagawa zuwa Maraɗi, yaron mota na buga ƙofa yana kiran saura mutum ɗaya. Ƙafarsa ta riga kansa yanke shawara, har ya kama ƙarfen baya. Tafiyar awa ɗaya da 'yan kai, ya nemo gidan Balki, ya karɓo kaset, ya dawo. Iska ma za ta buge shi a hanya. Duk jikinsa ya amsa wannan shawara.

Yana riƙe da ƙarfen ya tuna yadda Goggo take magana. Ba ta taɓa gaisuwar da ta gaza minti ashirin ba. Sai ta gaida Balki, ta gaida mijin, ta gaida uwar mijin, ta faɗi wanda ya mutu da wanda ya haihu da kuɗin tumatir. Abin da zai samo a Maraɗi gutsuren zare ne. Kuma kafin ya dawo an kashe wuta.

"Malam, za ka hau ko za ka riƙe mana mota?"

Ya saki ƙarfen. Motar ta tafi ta bar shi cikin hayaƙi. Ya tsaya yana kallonta har ta wuce shingen can na duwan, kwastan ɗin wancan gefe, sannan ya juya zuwa ofis kamar wanda za a yi wa kaciya.

Baba Arzika yana zuba wa janareta mai. Tsoho ne gajere, hular sanyi a kansa ko da bazara.

"Baba, don Allah yau ka taimake ni. In an kira azahar ka ƙara mini ko minti goma."

"A'a."

"Baba, aikina ne zai tafi."

"Ko Alhaji bai isa ba, bale kai. In Malam ya kai hannu kunne, ni na kai hannu makunni. Ka roƙi Allah shi sa tsohon shi yi nawa." Ya ja igiya, inji ya yi tari biyu ya kama.

Kalilu ya rufe ƙofa, ya sa kaset na ɗaya. Minti goma sha biyu masaƙin yake ɗauka kafin ya shiga, ya zauna ya jira. Ya sa na biyu, gaba da baya, ya shiga lafiya. Ya nemo layukan nan biyu ya rubuta girman ƙwaƙwalwa da faɗin takarda kamar yadda Uwaisu ya ce. Sannan ya buɗe dam ɗin takarda a shafi na goma sha takwas, inda kaset na uku ya fara. Shafi goma sha huɗu, kowanne layi hamsin da wani abu. Duk sai ya buga su da hannu, ba ya fahimtar ko kashi ɗaya cikin goma na abin da suke cewa.

Ya ɗora rula a ƙarƙashin layin farko ya fara.

Ranar kasuwa ce, duniya duk tana wucewa ta bayan tagarsa. Jakuna daga Kusa, matan Magama da ƙoren nono, masu canjin sefa suna kiran mutane, wani mai maganin basir ya kafa da'ira yana buga ganga. Aka yi wata hayaniya, wai sa ya ƙwace ya shiga rumfar masu tabarma. Gindin Kalilu ya tashi daga kujera da kansa. Ya mayar da shi. Ya toshe tagar da kwalin na'ura, ɗakin ya yi duhu da zafi, gumi ya riƙa ɗiga daga haɓarsa yana faɗawa tsakanin madannai.

Direbobi suka fara buga ƙofa.

"Akawu! Ko ka mutu ciki?"

"Ku dawo bayan la'asar!"

"Bayan la'asar ɗin uwar wa? Tun jiya nake nan!"

Ya ci gaba da bugu. Inda aka soke layi da jan biro aka rubuta wani a gefe, rubutun Uwaisu ne, irin na firamare bai canza ba, ƙanana kamar sawun kiyashi. Sau biyu Kalilu ya ɗaga takarda ya kai ta tsagar haske kafin ya gane. A shafi na ashirin da biyar wuyansa ya sage. A na ashirin da takwas ya lura ya daina jin gangar mai magani, bai kuma san lokacin da ta tsaya ba. Rula na sauka, yatsu na tafiya, ba abin da ya rage a duniya sai layin da ke gabansa.

Da ya buga na ƙarshe ya janye kwalin daga taga. Inuwar ɗorawar da ke gaban masallaci ta tattare ta koma gindinta. Ya ba masaƙin umarni.

Saƙar zagaye biyu take yi. Lambobi suka fara gudu a gilashi, a hankali kamar ana ƙirga garke a ƙofar shinge. Zagayen farko ya ƙare, na'ura ta ce layi biyu ba su yi mata ba. Ya duba takarda, ya ga ya tsallake gyaran jan biro a wuri ɗaya, ya maimaita layi a wani. Ya gyara, ya sake tayarwa daga farko. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa, ya zagaya tebur sau uku, ya ciji farcensa har ya ji gishiri.

Zagaye na biyu na tsakiya ya hango ladan ya fito daga zaure da buta a hannu.

Tsohon ya taka a hankali ya zo bakin magudana, ya tattare riga, ya tsuguna. Can gefe Baba Arzika ya tashi daga bencinsa ya je ya tsaya kusa da inji, hannu a baya.

Lambobi suka tsaya. Layi ɗaya ya fito: an gama, ba kuskure.

Gyartai yana nan a gine cikin ƙwaƙwalwar na'ura, amma kamar ruwa a tafin hannu. Minti huɗu ake bukata a naɗe shi. Kalilu ya zaro sabon kaset ɗin da ya saya a kasuwa tun ranar Litinin, mai araha, ya jefa cikin rikoda, ya danna ja da baƙi tare. Ya juya sau biyar, sai rikoda ta yi wani gurnani. Ya buɗe, zaren kaset ya fito a cukurkuɗe kamar hanjin kaza.

Ladan yana wanke hannu.

Kaset na ɗaya da na biyu cike suke gaba da baya, in ya taɓa su ya kashe masaƙi ko zare. Masu sayar da kaset suna can ƙarshen kasuwa. Ya buɗe ƙofa ya fito a guje, bai san inda ya nufa ba, ya ci karo da Goggo Salmatu a bakin rumfarta riƙe da kwanon abinci da ta zubo masa. Daga rikodarta muryar Balki na tashi, tana cewa jaririn ya yi kama da kakansa, hancin ne dai aka rage masa.

"Kaset, Goggo! Kowane iri! Yanzu!"

Ta dubi fuskarsa, ta dubi ladan da ke kurkure baki. Ta ajiye kwanon a ƙasa. Ta danna rikoda, muryar Balki ta yanke a tsakiyar dariya, ta ciro kaset ɗin ta miƙa masa.

Ya ja hannunsa baya. "Ba wannan ba. Na sunan ne."

"Na san ko wane ne. Na haddace shi kamar Ƙulhuwallahu. Karɓi, ɗan nema, tsohon ga ya kai fuska!"

Ya karɓa ya koma ciki, ya jefa a rikoda ya mayar da shi farko. Maɓallin ja ya ƙi dannuwa. Ya juya kaset ɗin, ga ramuka biyu inda mijin Balki ya ɓalle kunnuwan. Ya yagi gefen shafi na huɗu na wasiƙar Uwaisu, ya tauna, ya cusa a ramukan da tsinken ashana. Ja ya shiga. Na'ura ta fara kukan gyarenta, siriri, tana zuba shi a kan muryar Balki.

Ladan ya shafi kai. Ya shafi kunne. Ya zuba ruwa a ƙafar dama, ya bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Kalilu bai taɓa ƙaunar nawar tsufa ba sai ranar. Ƙafar hagu. Tsohon ya dafa bango ya miƙe, ya girgiza butar ya ji ko da saura, ya ajiye, ya gyara rawani, ya fuskanci gabas.

Kukan ya tsaya. Kalilu ya danna tsayawa. Bai gama ɗauke yatsa ba gilashi ya yi baƙi, fanka ta fara rage gudu, muryar ladan ta taso cikin shirun da ya sauka.

Tsakanin azahar da la'asar ba abin da zai iya yi. Ko abin ya naɗu ko bai naɗu ba, sai wuta ta dawo. Ya yi salla, ya ci abincin Goggo a tsaye bai ji ɗanɗanonsa ba. Rumfar ta yi shiru, rikoda a buɗe ba komai ciki, Goggo na zuba wa mutane wake ba ta yi wa kowa ba'a. Ya kasa kallonta. Ya koma ya ja tafireta ya sallami direba huɗu, kaset ɗin na cikin aljihun ƙirjinsa, kowane minti sai ya taɓa shi.

Ana sallame la'asar motar Sha'ibu ta tsaya a ƙofar ofis, lodin wake har sama. Sha'ibu ya diro, dogo, baƙin tabarau, tsinken sakace a baki.

"Ina mushe akawu, in ji mutanen Maraɗi? An ce in ɗauki talabijin ɗinka in kai Zariya. Kai ma in kana so in rage maka hanya, ai Daddara bisa hanya take, sai ka hau bisa wake."

Alhaji Maharazu ya fito daga masallaci yana jan carbi, ya ce a kawo kwalaye.

"Alhaji, minti biyar," in ji Kalilu. "Baba Arzika, don girman Allah."

Baba Arzika ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi agogo, bai ce a'a ba. Aka ja igiya.

Kalilu ya mayar da kaset farko, ya cire taunanniyar takardar da tsinke, ya kunna. Ofishin ya cika da direbobi, har da masu leƙe ta taga. Minti huɗu ana sauraren kukan gyare, wani ya ce aljanu ne ke gaisawa, aka yi dariya, Kalilu bai ji ba. Kukan ya ƙare. Gilashi ya yi fari fat, sannan can sama kalma ɗaya ta fito, GYARTAI, da wani ɗan ɗigo yana ƙyaftawa a ƙarƙashinta yana jira.

"Sha'ibu, mi ka ɗauko?"

"Wake buhu ɗari da tamanin, fata dami goma sha biyu."

Yatsun Kalilu suka zuba shi a gilashi, da lambar mota da sunan mai kaya da inda za a sauke.

"Af, tsaya," in ji Sha'ibu, yana murmushin mugunta. "Na mance, an ƙara buhu goma a Ɗan Isa. Ɗari da casa'in. Sai ka yage ka sake, akawu."

Kalilu ya mayar da ɗigon baya, ya goge kalma ɗaya, ya rubuta wata. Ya danna umarnin bugawa. Injin ya yi shiru har zuciyarsa ta buga sau uku, sannan ya ɓarke da ƙara kamar ana yayyaga atamfa. Takarda ta fito, ta biyu ta biyo, har shida.

Alhaji ya ɗauki ta farko, ya nisanta ta da idonsa, ya karanta har ƙasa.

"Mi ya sa ta rubuta layin ƙarshe sau biyu?"

Kalilu ya duba. Haka ne, a duk kwafi shidan. "Ba su gama ƙera shi ba, Alhaji. Zan rubuta ma Uwaisu. Ko in duba takardun nan da kaina, wataƙila in gano inda yake."

"Kai ɗin?"

"Ni ɗin, ranka shi daɗe."

Alhaji ya zaro biro ya soke layin da ya maimaitu, ya sa hannu, ya miƙa wa Sha'ibu. "A mai da kwalayen nan sito. Kai kuma ga mutane tun jiya suna jira, ka tsaya kana washe baki."

Sha'ibu ya kai ƙofa ya juyo, ya laluba aljihu. "Ina Goggo? Ga saƙon Balki. A bayan naki ta naɗa, ta ce ba ta da sabo."

Kalilu ya ga kaset ɗin ya wuce ta gabansa, da lamba uku da Uwaisu ya rubuta a jikinsa da jan biro. Bai miƙa hannu ba. Ya ciro wanda ke cikin rikodar ofis, ya duba ramukan kunnuwansa ya tabbata a buɗe suke, ya ɗauko na ɗaya da na biyu ya ɓalle nasu da makulli, ya jefa duka cikin aljihun tebur ya kulle.

Ya kira direba na gaba. Yana cikin buga lambar mota muryar Balki ta taso daga rumfa, da ƙarfi yadda Goggo take so.

"Inna, mun ji saƙo, kowa na amsawa. Amma don Allah mi ne ne wannan da ya biyo bayan maganarki? Kina cewa a gaida Hajiya sai wani ƙiiii ya taso, yaron nan ya firgita, da ƙyar munka lallashe shi. In rikodarki ta lalace ki ba Kalilu shi duba, ai ya yi gyaran rediyo."

"Wata biyu!" Goggo ta amsa mata, tana kwashe shinkafa. "Wata biyu ya yi, ɗiyar nan, kada ki ba shi girman da bai kai ba."

Direban ya ce fatunsa dami tara ne, ba bakwai ba. Kalilu ya gyara zama a kujera, ya mayar da ɗigon baya.